Gadon Maganaɗisu

Auta tana tsaka da aiki abokiyar aikinta ta ƙwanƙwasa gilashin ƙofa, tana nuna mata waya. A ɗakin gwajin nan ba a shiga da waya, ko makulli, ko allurar ɗankwali. Duk abin da ke da ƙarfe a faranti ake zube shi a bakin ƙofa, saboda ƙaton maganaɗisun da ya cinye rabin ɗakin ba ya tambayar izini kafin ya fizge abu daga aljihun mutum.

Tun safe take fama da ƙwayar zuciyar ɓera guda ɗaya a ƙarƙashin madubin gwaji. Ta yi ta lallaɓa bakin wani siririn bututun gilashi, wanda gashin kai ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, har ya manne da tantanin da ya lulluɓe ƙwayar. A jikin tantanin akwai ƙofofi da ido ba ya gani. Ta cikinsu ɓurɓushin gishiri iri-iri ke wucewa, sodiyam ya shiga, fotasiyam ya fita, kowanne ɗauke da ɗan lantarkinsa, kuma wannan shige da ficen ne ke sa zuciya bugawa. Aikin Auta shi ne ta gano ko maganaɗisu na sa ƙofofin su canza hali. Ta kashe shekaru a kan tambayar, abin da ta samu bai wuce "wataƙila, ɗan kaɗan" ba, shi ma wani lokaci tana zargin zafin na'urar ne ke yi mata wasa da hankali.

Ta ɗaga hannu alamar a jira. Abokiyar aikin ta girgiza kai, ta sake ƙwanƙwasawa. Auta ta ja tsaki ta fito ta karɓi wayar.

Matar yayanta ce, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai magana daga banɗaki.

"Auta, ki zo. Yayanki ya ce kada in faɗa miki, amma ni dai tsoro ya kama ni. Baba ya fi mako bai je wankin ƙoda ba."

"Anti, me kika ce? Ba Yaya ke kai shi ba?"

"Shago yake kai shi. Ɗakin baya, kan gadon maganaɗisun nan. Yau da safe ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya ce leɓɓansa kamar ana tsira musu allura."

"Me yake ci?"

"Wallahi ina kiyayewa. Tunda likita ya hana gishiri ban ƙara saka masa ba, sai na masu hawan jini da yayanki ya kawo, mai shuɗin gwangwani."

Auta ta jingina da bango. Ta san gishirin nan. Fotasiyam ne, irin farin garin da take zuba wa ƙwayoyinta in tana so su daina bugawa. Mai lafiyar ƙoda zai ci ya fitar da shi a fitsari. Baba ba shi da ƙodar da za ta fitar da komai, injin asibiti ne ke yi masa, kuma an raba shi da injin. Abin yana taruwa a jininsa, in ya kai wani mizani zuciya tsayawa take ba tare da sallama ba. Ta kwashi makullanta daga farantin, ta bar ƙwayar da ta wahala a kai tun safe ta mutu a wurin.

Yaya ba mugu ba ne, wannan ne ma abin haushin. Mutum ne mai baki, zai iya sayar maka da takalmin da ke ƙafarka ka tafi kana godiya. Ya yi sana'o'i da yawa, kowacce ta kife da shi, Baba kuma bai taɓa ɓoye masa abin da yake gani game da hakan ba. Wata rana ana cin abinci Auta ta dawo da murna, ta ce yau ta ga gishirin cikin ƙwaya ya ɗan motsa da ta kunna maganaɗisu. "Gishiri" ta ce, don ba ta san wata kalmar da za ta faɗa a gida a gane ba. Yaya ya ajiye cokali. Kafin shekara ta zagayo ya buɗe shago: zobba, awarwaro, ɗamara, matasan kai, duk na maganaɗisu, duk suna "jan gishirin cuta daga jiki". Ta yi masa bayani har bakinta ya bushe. Shi dai ya ce ai ita ma ta ce yana motsawa.

Ta tsayar da mota a karkace a bakin shagon. Kafin ta shiga ta buɗe bayan motar ta ɗauko ƙarfen kwance taya, don ta san ɗakin baya kwaɗo yake sha. Abin da ta faɗa wa kanta ke nan, kuma gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Hotonta ne ya fara tarbarta a bango, da farar rigar aiki, tana murmushi, a ƙasa an rubuta cewa kimiyya ta tabbatar. Wasu mata biyu na gwada awarwaro. Yaya na bayan kantar shagon yana zuba musu bayani, da ya gan ta sai bakin ya tsaya a buɗe.

"Dakta da kanta. Wa ya kai miki tsegumi?"

"Buɗe ƙofar nan, Yaya."

"Yana hutawa. In aka tashe shi bai cika lokacinsa ba gishirin komawa yake."

"Ba hira na zo yi ba. Ba ni makulli."

"Ke, Auta, a shagona kike. Ki yi magana kamar mai tarbiyya, akwai mutane."

Ta ɗaga ƙarfen ta sauke shi a kan gilashin kantar. Ƙarar ta cika shagon. Zobba suka watse, suna mannewa da juna suna bin ƙarfen kamar ƙudaje. Matan suka yi waje, ɗaya da awarwaron a hannu. Auta ta juya ta kai wa hoton nata duka, sau ɗaya, a tsakiyar murmushin, sannan ta nufi ƙofar baya ta soka bakin ƙarfen a wuyan kwaɗon.

Ba ta ji zuwansa ba, sai ji ta yi an fizgo mayafinta ta baya har wuyanta ya shaƙe. Ya juyo da ita ya kwaɗa mata mari. Kunnenta ya ɗauki ƙara, bakinta ya cika da ɗanɗanon jini. Tunda take Yaya bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Shi ne ya riƙa goya ta zuwa makaranta in ruwa ya cika hanya, shi ne ya fasa wa wani yaro baki don ya kira ta mai ido huɗu. Marin bai yi mata zafi kamar tuna wannan ba.

"Kin raina ni," ya ce, yana haki. "Tun kina ƙarama kika raina ni. Ke da Baba. Yau na samu abin da zan yi masa da hannuna, shi ne za ki zo ki fasa min shago?"

"Kashe shi kake yi."

"Ke kika ce yana jan gishiri."

"Ban taɓa cewa yana ja ba. Maganaɗisuna ya kai girman ɗakin nan, bai ja gishirin komai ba. Naka ko cokali ba ya ja daga nesa."

Ya kama ƙarfen zai ƙwace. Suka yi ta jayayya a kan fasassun gilasai, ya bankaɗa ta ta bugu da gefen kantar, haƙarƙarinta ya amsa. Ta cije shi a hannu har sai da ta ji haƙoranta sun nitse. Ya saki. Ba ta tsaya tunani ba, ta ɗaga ƙarfen ta sauke masa a gefen kai. Ba kuskure ba ne, inda ta nufa nan ta samu. Yaya ya durƙusa, ya dafa wurin, jini ya ɓalle tsakanin yatsunsa ya gangaro cikin kunne. Ya ɗago yana kallonta da mamaki irin na yaro, kamar mai jiran ta ce ba ita ba ce.

Ta ba shi baya ta ɓalle kwaɗon.

Ɗakin ƙarami ne, da fanka ɗaya da tagar da aka toshe da kwali. Gadon Yaya ya ƙera shi da kansa, yana alfahari da shi fiye da 'ya'yansa. Katako ne, sai manyan tubalan maganaɗisu guda biyu da ya ciro daga wani tsohon inji, an ɗora su a kan wani layi irin na dogo da suke zamewa a kai, ɗaya a dama ɗaya a hagu, daidai ƙugun mai kwanciya. Wani guntun katako ne a tsakani ta ƙasa yake hana su haɗuwa. Ita da kullum take zube ƙarfenta a bakin ƙofa, yau ta manta. Tana matsowa ƙarfen kwance tayar ya suɓuce daga hannunta ya maƙale a jikin tubalin da ƙara, tazarar ɗan yatsa daga cikin Baba.

Baba bai ko razana ba. Fuskarsa ta kumbura, fatarsa ta yi toka-toka. Ta kama wuyan hannunsa. Bugun yana zuwa a hankali, ya tsaya kamar ya manta, sannan ya sake zuwa. A kan kujera ga kwanon miya da shuɗin gwangwanin a buɗe.

"Auta. Me kika yi wa ɗan'uwanki?"

"Baba, tashi za mu yi. Asibiti za mu."

"Ku bar ni."

"Gadon nan ba ya yin komai, Baba."

"Na sani." Ya numfasa. "Kin ɗauka tsufa ya cinye min hankali? Katako ne da ƙarfe. Na gaji da injin can ne. Su huda ni, su kwashe jinina su mayar, in dawo gida kamar an matse tsumma, kafin in warware lokaci ya sake yi. Nan ko ba komai yayanki na zama ya yi min hira. Ki bar ni in huta, Auta, na roƙe ki."

Baba bai taɓa roƙon ta komai ba. Ta san in ta ƙara tsayawa za ta yarda.

"Ka yi haƙuri, Baba. Yau ba zan ji maganarka ba."

Ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗunsa ta ja. Ya riƙe gefen gadon da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, tana jin yadda suka yi laushi da kumburi. Ƙugunsa ya maƙale tsakanin tubalan. Ta jawo shi sama da ƙarfin tsiya, yana nishi, har ya zame ya fito ya zube a jikinta. Cikin jan ne ƙafarsa ta taɓa guntun katakon, ya goce. Rigarsa na tsakanin tubalan. Ta kai hannun dama don ta fizge ta.

Tubalan suka haɗu. Ta ji ƙarar ƙashin kafin ta ji zafin, ƙara ƙarama, kamar an taka busasshen kara. Yatsunta biyu na ciki. Ta buɗe baki, ihun ya ƙi fitowa, sai wani sauti da ba ta san tana da shi ba. Ta ja, tubalan ko gezau.

Yaya ne ya shigo da rarrafe, rabin fuskarsa jini. Ya ɓamɓaro ƙarfen kwance tayar da hannu biyu, ya soka bakinsa a tsakanin tubalan ya danna da dukan nauyinsa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Suka buɗe kaɗan. Ta zare hannun. Kallo ɗaya ta yi wa yatsun ta kau da kai, ta naɗe su da mayafi.

"Taɓa wuyansa," ta ce. "Nan, ƙarƙashin muƙamuƙi. Taɓa ka ji."

Ya taɓa. Ta ga lokacin da bugun ya tsaya a ƙarƙashin yatsunsa, ta ga ya jira, ta ga yadda jiran ya canza masa fuska kafin bugun ya dawo.

"Me ya sa yake haka?"

"Ɗauko shi."

"Na ce ku bar ni," in ji Baba. Yaya ya sungume shi kamar buhu.

Matar Yaya ta riga ta iso, tana tsaye a cikin fasassun gilasai da hannu a ka. Ita ta ja motar kai kayan shagon, don Auta ba hannu, Yaya kuma jini ya rufe masa ido. Suka shimfiɗa Baba a bayan motar tsakanin kwalayen matasan kai. Rana tsaka ce, titi cike, kowa na danna oda kamar shi kaɗai ke da gaggawa. Auta na riƙe da wuyan hannun Baba da hagunta, tana jin bugun yana ƙara nisa da ɗan'uwansa.

A wajen shataletale bugun ya tsaya, bai dawo ba. Idanun Baba suka kafe a rufin motar, bakinsa ya saki.

"Yaya, hau kansa. Durƙusa nan. Ɗora hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirji, miƙe gwiwar hannunka, ka danna."

Ya danna a hankali kamar mai tashin barci.

"Ba haka ba. Da ƙarfi. Sa nauyinka duka."

"Zan ji masa ciwo."

Ta kai masa duka a kafaɗa da hannun da ya karye, zafin ya haura mata har ƙwaƙwalwa. "Danna nake ce maka."

Ya danna. Ƙirjin Baba ya lotsa ya taso, ya lotsa ya taso. Jinin kan Yaya na ɗiga a kan farar rigar tsohon. Can wani abu ya ɓalle a ƙarƙashin tafinsa, su duka suka ji. Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta.

"Haƙarƙarinsa ne, Auta. Na karya shi."

"Ci gaba."

"Ubana ne."

"Nawa ne ni ma. Ci gaba, kada ka tsaya, ko guda nawa za su karye."

Ya ci gaba yana kuka, majina da jini na haɗuwa a gemunsa. Wani haƙarƙarin ya sake ɓallewa. Auta ta toshe hancin Baba ta hura masa iska a baki, ta ɗago ta yi wa Yaya tsawa ya ƙara sauri, ta yi wa matarsa tsawa ta hau gefen titi. Motar ta haura dakali, ta kwashe teburin wani mai sayar da gilashin ido, zagi ya bi su har kwana. Ba ta taɓa jin ta tsani kowa kamar yadda ta tsani yayanta a bayan motar nan ba, kuma ba ta taɓa buƙatar hannun wani kamar nasa ba.

A ƙofar sashen gaggawa ma'aikata suka karɓe shi daga ƙarƙashin hannun Yaya, sai da suka ture shi kafin ya daina dannawa. Auta ta bi gadon asibitin da aka ɗora shi a kai da gudu tana faɗa wa likitar: ƙoda, ya fi mako ba wanki, gishirin fotasiyam. Likitar ba ta tambayi komai ba, ta kira sunan allurar da za a kawo, aka rufe ƙofa.

Zuciyar ta dawo. Aka jona shi da injin da ya gudu daga gare shi, jininsa ya ci gaba da zagaye a cikin robobi. Aka ɗinke kan Yaya. Likitan ƙashi ya daɗe yana juya hoton hannun Auta, ya ce yatsun za su haɗe, amma lanƙwasawa sai abin da Allah ya yi. Ya tambaye ta wane aiki take yi, da ta faɗa masa sai kawai ya ci gaba da naɗa bandeji.

Washegari da hantsi Baba ya farka sosai. Suna tsaye a gefe biyu na gadon, ɗaya da naɗaɗɗen kai, ɗaya da naɗaɗɗen hannu, ba su yi wa juna magana ba tun jiya. Baba ya ja numfashi, ya tsaya a rabi, fuskarsa ta tattare don zafi. Ya daɗe yana kallon robobin da ke fita daga hannunsa.

"Wa ya karya min ƙirji?"

"Ni ne, Baba," in ji Yaya.

"Ni na sa shi," in ji Auta.

"Na ce muku ku bar ni."

"Ka faɗa," in ji Auta.

"Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Ya juyo da kai gare ta a hankali. Babu faɗa a idonsa, da ma faɗan ne da ta fi iya ɗauka.

"In ta sake tsayawa fa?"

Ta so ta yi masa ƙarya. Mutumin na kwance, ƙarya ɗaya ba za ta ci mata komai ba. Bakinta ya ƙi.

"Zan sake sa a danna."

"Kai fa?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Zan danna, Baba."

Baba ya rufe ido. Injin na ta ƙaramar ƙararsa a gefe.

"Ku fita," ya ce.

Suka fita. A baranda akwai benci ɗaya, suka zauna a kai, kowa a ƙarshensa. Daga ciki suka ji ya yi tari, tarin ya bi ta kan karyayyun haƙarƙarin, ya ƙare da wani dogon nishi da Auta ba ta taɓa jin irinsa daga bakin mahaifinta ba. Yaya ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Ita ba ta toshe ba. Ta ji daɗin jin tarin nan, ta ji kunyar daɗin, ta zauna tana jiran na gaba.